Ciwon Daji: Yadda Yake Yaɗuwa a Cikin Jiki, da Tambayar Ko Ana Ɗaukarsa

(Jawabin da aka yi wa dattawan ikilisiyoyi da shugabannin zumuntar mata na ƙasar Ruma)

 

Maganar da aka ba mu a yau ita ce ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko kuma su ce kansa. Aikinmu kiwon ikilisiya ne, amma idan ciwo ya kwantar da mutum mu ake fara kira, kuma a bakin gadon marasa lafiya muna yawan jin magana iri biyu. Ta fari, wai kada a ci abinci kwano ɗaya da mai daji, kada a wanke kayansa tare da na yara, domin ana ɗauka. Ta biyu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi a asibiti sai ya fusata ya bazu. Dukansu biyu magana ce a kan yaɗuwa, kuma dukansu biyu sun juya gaskiya. Daji yana yaɗuwa ƙwarai, amma a cikin jikin mai shi yake tafiya, ba ya tsallakawa zuwa jikin mai jinya. Abin da ke ba shi damar tafiyar kuwa jinkiri ne, ba wuƙar likita ba.

Bari mu fara da abin da ciwon yake. Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, yawansu ya kai wajen tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana da ƙa'ida a rubuce a cikinta: lokacin da za ta rabu biyu, lokacin da za ta dakata, da lokacin da za ta mutu ta ba sabuwa wuri. Shi ya sa idan lauje ya yanke ka, fata takan tsiro ta rufe wurin, sa'an nan ta tsaya. Daji yana farawa ne sa'ad da rubutun nan ya lalace a cikin ƙwaya guda, ta yi ta rabuwa ba tsayawa, 'ya'yanta ma su gaji wannan taurin kai, har su taru su zama ƙari. Ku lura da wannan da kyau, domin sauran maganarmu a kansa take tsaye: daji ba baƙo ba ne da ya shigo daga waje kamar ƙwayar tarin fuka. Naman jikin mutum ne da kansa ya bijire. Sunan da muka ba shi ma yana ruɗinmu, domin da an ce "daji" sai hankali ya tafi ga iskoki da jifa, alhali ba daga dajin Rugu ya fito ba, ba kuma daga hannun kishiya ko maƙwabci ba.

Ba kowane ƙari ne daji ba. Akwai ƙarin da zai zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, ya girma a hankali, bai ci naman da ke kusa da shi ba, kuma da yawa daga cikin ƙulle-ƙullen da mata ke ji a nono irin wannan ne. Bambancin daji shi ne yana kutsawa. Kuma ba ya iya girma ya wuce ƙwayar gero sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi. Wani likita a Amurka mai suna Judah Folkman ne ya bayyana wannan a 1971. Manomi zai gane abin nan da nan idan ya tuna da ƙuduji, yadda yake maƙale wa saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa, makonni kafin furensa ya fito a gani. Kafin yatsa ya ji ƙulli a jiki, ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma sau da yawa ya yi shekaru yana tasowa ba zafi.

To, yaya yake tashi daga inda ya fara? Hanya ta fari ita ce ya ci gaba da cin abin da ke maƙwabtaka da shi, kamar dajin bakin mahaifa da kan kai ga mafitsara. Ta biyu ita ce wadda muka fi gani da idonmu. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu ɗauke da wani ruwa garai-garai, kuma a kansu akwai 'yan ƙulle-ƙulle a hammata da wuya da matsematsi, masu aiki kamar shingen bincike a kan hanya. Su ne suke kumbura mu ce kaluluwa ta fito. Kaluluwar da gyambo ko maruru ya jawo tana da zafi, kuma takan sauka idan gyambon ya warke. Wadda daji ya sauka a cikinta kuwa takan yi tauri, sau da yawa ba zafi, ba ta kuma sauka. Wannan ne dalilin da ya sa idan mace ta je da ƙulli a nono, likita ke laluba hammatarta. Ba rashin kunya ba ne, yana duba ko ciwon ya kai shingen farko.

Hanya ta uku ita ce jini. Ƙwayoyi kan ɓalle daga ƙarin, su huda bangon jijiya, jini ya kwashe su. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa, ko garkuwar jiki ta kama su, ko su faɗa inda ba za su iya rayuwa ba. Amma ƙarin ba ya gajiya da turowa, yau da gobe, wata da watanni, har a sami kaɗan da za su maƙale a wata gaɓa su kafa sabon gida. Inda suke sauka ba kara-zube ba ne. Jinin da ya fito daga hanji hanta yake fara ratsawa, don haka dajin hanji hanta yake fara kamawa. Dajin nono yakan nufi ƙashi da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Na dattawa maza, wanda ke kama wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara mai suna furostet, ƙashin baya da na ƙugu ya fi so. Shi ya sa tsohon da fitsari ke yi wa wuya, ga kuma ciwon baya da ke hana shi barci, bai kamata a ce tsufa ne kawai a bar shi ba.

A 1889 wani likita a Landan mai suna Stephen Paget ya bi bayanan gawawwakin mata 735 da dajin nono ya kashe, ya ga cewa ciwon yana zaɓen wasu gaɓoɓi yana barin wasu. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iska takan watsa iri ko'ina, amma inda ƙasar ta karɓe shi ne kawai yake tsirowa. Wanda ya taɓa shuka shinkafa a jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Akwai kuma irin da ke kwanciya a ƙasa ya jira. Ƙwayar dajin nono tana iya yin barci a cikin ɓargo shekara goma ko fiye kafin ta farka, don haka wadda aka yi wa aiki ta warke ba ta daina zuwa dubawa a ranakun da aka sa mata.

Wani abin da ke rikita iyalai shi ne, idan dajin nono ya sauka a ƙashi, likita zai ci gaba da kiransa dajin nono, maganin nono kuma zai bayar, domin ƙwayoyin na nono ne ko da sun yi ƙaura. Ba ciwo biyu ba ne, ba kuma wani sabon jifa aka yi mata ba.

Yanzu mu zo ga maganar ƙarfe, domin nan ne muke asarar rayuka. Likitoci suna kasa daji mataki huɗu. A na ɗaya yana nan ƙarami inda ya fara. A na biyu da na uku ya girma, ya soma kaiwa ga kaluluwa ko naman da ke kusa. A na huɗu ya isa gaɓoɓi masu nisa. Muddin yana wuri ɗaya, ana iya yanke shi a fitar, kuma mutane da yawa sun warke sarai. Idan ya bazu, wuƙa ba ta iya bin sa gida-gida, sai dai magani ya rage masa gudu, ya rage zafi, ya ƙara kwana. A ƙasarmu mafi yawan matan da ke zuwa asibiti da dajin nono a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. Ku duba yadda abin yake faruwa. Mace ta ji ƙulli da damina, ta yi shiru don kunya. Da kaka ta faɗa wa 'yar'uwarta, aka nemo saiwa da turare da abin shafawa. Aka yi shekara ana sakiya ana ɗaura ganye, har wurin ya fashe. Sai da ƙarfi ya ƙare aka sayar da akuya aka kai ta Katsina. Aka yi aiki, bayan wata huɗu ta rasu, sai gari ya ɗauka cewa ƙarfe ya taɓa shi. Alhali tun kafin ta hau mota ciwon ya riga ya sauka a hanta. Matan da suka je da wuri suka warke kuwa ba wanda ya san labarinsu, domin ba su faɗa wa kowa ba, suna nan cikinmu suna daka suna zuwa kasuwa. Haka muke kirga waɗanda suka mutu, ba ma kirga waɗanda suka rayu, camfin yana ƙara ƙarfi.

Gaskiya ne an taɓa samun inda allurar ɗiban nama don gwaji ta bar 'yan ƙwayoyi a hanyarta, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, likitoci sun san shi, suna kuma da dabarun kiyaye shi. Haɗarin wannan bai kama ƙafar haɗarin zama wata shida ba a san abin da ke cin mutum ba.

Sai tambaya ta biyu: ana ɗauka? Ba ma ganin laifin wanda ya ji tsoro. Mutanen yankin nan sun san Babbar Ruga a kan hanyarmu ta zuwa Katsina, inda mishan na SIM suka kula da kutare tun shekarun 1930, kuma kakanninmu sun ga yadda agana da sanƙarau suke share gida. Wanda ya ga wannan dole ya yi zargin kowane ciwo mai gyambo da wari. Turawa ma sun yi wannan tsoron. A birnin Rams na Faransa an buɗe asibitin masu daji a 1740, amma a 1779 sai da aka fitar da shi bayan gari saboda mutane sun ce za su ɗauka. A 1808 wani likitan Faris mai suna Alibert ya sa aka yi masa allurar ruwan dajin nono a jikinsa don a gani. Wurin ya kumbura ya sauka, daji bai kama shi ba. Ba muna yaba wa irin wannan ganganci ba ne, amma ya nuna abin da aka tabbatar daga baya.

Dalilin kuwa shi ne abin da muka faɗa tun farko. Ƙwayar daji naman mai shi ce, tana ɗauke da shaidar jikinsa, shi ya sa garkuwar jikinsa take yawan ƙyale ta. Idan ta faɗa jikin wani, baƙuwa ce, nan take za a gane ta a kashe. Wannan garkuwar ce ta sa ba a yi wa mutum ƙarin jini sai an gwada, wanda aka dasa wa ƙoda kuma sai ya yi ta shan magani don kada jikinsa ya ƙi ta. Ma'aikatan jinya da suka shekara talatin suna wanke gyambon masu daji ba su ɗauka daga majinyatansu ba. Inda aka taɓa ganin ya tsallaka a tsakanin mutane wurare ne ƙalilan: ta dashen gaɓa daga mai ciwon, ko daga uwa zuwa ɗan da ke ciki, ko wani likitan fiɗa a Jamus da aka ba da labarinsa a 1996, wanda ya ji rauni a hannu yana tsakiyar aiki, ƙarin ya tsiro a wurin, aka cire. Don irin waɗannan ba su da yawa ne ake rubuta su a mujallu duniya ta karanta. A cikin karnuka akwai wani dajin al'aura da suke ba juna wajen barbara, amma ba ya kama mutum.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku ci tuwo kwano ɗaya da mai daji, ku sha a moɗa ɗaya. Ku gaisa hannu da hannu, ya zauna a bencinsa na kullum a majami'a, ya ci jibin Ubangiji tare da kowa. Jikoki su hau cinyar kakarsu. Miji kada ya ƙaurace wa ɗakin matarsa, balle ya mai da ita gidan iyayenta da sunan kare yara. Mun ga inda aka keɓe wa uwa bukka a bayan gida, ana tura mata abinci daga bakin ƙofa, kuma a ganinmu wannan keɓewar ta fi ciwon cin rai. Mai wanke gyambo ya sa safar hannu ya wanke hannu da sabulu, kamar yadda zai yi da kowane gyambo, musamman don kada shi ya kai wa majinyacin wata cuta. Warin da ke korar mutane daga wasu ƙwayoyin cuta ne da suka sami mataccen nama, akwai maganinsa a asibiti, a tambaya. Wanda kuma aka yi wa ƙarin ruwan maganin daji, a kula da fitsarinsa da amansa kamar kwana biyu, saboda ƙarfin maganin, ba saboda ciwon ba.

Amma wani dattijo zai ce, to me ya sa a gida ɗaya uwa ta yi, 'ya ta yi? Tambaya ce mai kyau. Wani lokaci gado ne: kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na daji yana da nasaba da rauni a rubutun ƙwayoyin da ake gada daga uwa ko uba. Gado kuwa ba ɗauka ba ne; matar gida ba ta gadon jinin mijinta. Gidan da aka yi haka, 'ya'yansa su riƙa zuwa dubawa da wuri.

Wani lokaci kuma, kuma nan muke so ku buɗe kunne, ba dajin ake ɗauka ba, wata cuta ce ake ɗauka wadda bayan shekaru masu yawa take iya buɗe masa ƙofa. An ƙiyasta cewa a 2018 kimanin kashi 13 cikin 100 na sababbin masu daji a duniya irin waɗannan cututtuka ne sanadinsu, a Afirka kuwa kason ya fi haka nesa. Ciwon hanta nau'in B yana wucewa daga uwa zuwa jariri, da ta aska ɗaya da wanzami zai yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko ƙaho, da ta allurar da aka maimaita, da ta saduwa. Yana zaune shiru shekara ashirin ko talatin kafin hanta ta lalace. Idan ya haɗu da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su bushe ba, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Tun 2004 rigakafinsa yana cikin alluran jarirai a Nijeriya, kuma ta farkon an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu da yawancin matanmu a gida suke haihuwa, wannan aiki ne na zumuntar mata: ranar da aka haihu a kai jariri, kada a jira suna.

Dajin bakin mahaifa kusan dukansa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo shi, kamar yadda Bajamushe Harald zur Hausen ya gano, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Ta saduwa ake samunta, kuma ta yaɗu ƙwarai har mafi yawan manya sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba, jikinsu ya kore ta. Mace mai miji ɗaya tak tana iya samu, kuma tsakanin samu da bayyanar ciwo akan yi shekara 15 zuwa 20. Don haka muna roƙon dattawa, kada a mai da ciwon mace abin tuhuma a zaman majalisar ikilisiya. Gwamnatin tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a watan Oktoba 2023, ya iso Jihar Katsina a 2024. Mun ji jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Ƙasashe da yawa suna yin sa tun 2006, matan da aka yi wa suna haihuwa lafiya. Abin da ke raba mace da mahaifarta shi ne ciwon da allurar take karewa.

Har ila yau akwai tsargiya, wadda yaranmu ke samu a tafki da madatsun ruwa. Yaro ya yi fitsarin jini mu ce alamar girma ce, alhali tsutsa ce, kuma idan ta daɗe tana iya kai mafitsara ga daji. Maganinta 'yan ƙwayoyi ne da ake rabawa a makarantu. Masu ɗauke da ƙanjamau kuma, shan maganinsu kullum yana rage musu haɗarin wasu nau'o'in daji. A dukan waɗannan, wanda dajin ya riga ya kama ba shi ne abin gudu ba. Abin da za a tsare shi ne askar wanzami, da allurar jariri, da bushewar hatsi.

Hukumar binciken daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum sama da 127,000 ne suka kamu a Nijeriya, kusan 80,000 suka mutu, kuma na nono ne a gaba, da sama da 32,000. A da, wanda ke bukatar gashi sai ya nufi Shika a Zariya ko Sakkwato ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wato tafiyar ta ragu ƙwarai ga mutanen Ruma. Kuɗi dai har yanzu nauyi ne, ba za mu ɓoye ba, ga kuma gonakin da rashin tsaro ya hana mutane nomawa.

Abin da muke roƙo shi ne kowace ikilisiya ta san mace ɗaya mai riƙon asiri wadda 'yan'uwa mata za su iya nuna wa abin da suka ji a jikinsu, da dattijo ɗaya don maza. Ƙulli a nono ko hammata, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, gyambon da ya ƙi warkewa, jini a fitsari ko bayan gida, kumburin muƙamuƙi ko ciki a yaro, ramar da ba a san dalilinta ba: duk wanda ya wuce mako biyu zuwa uku, a raka mai shi babban asibitin Batsari ko na Dutsin-ma, idan an tura shi Katsina kuma a tafi a makon. A yi addu'a, a tafi. Ɗaya ba ta hana ɗaya. Kuɗin motar farko, wanda shi ne yakan tsayar da mutane, muna ganin baikon taimako na ikilisiya zai iya ɗauka, kuma muna so ma'aji da dattawa su tattauna wannan kafin a watse yau.

Wanda nasa ya riga ya yi nisa kuma, akwai magungunan kashe zafi masu ƙarfi da likita ke rubutawa, iyali su nema, kada su ji nauyi. A tsara masu zuwa gaishe shi bi da bi, a taya matar gida ɗiban ruwa da wanki.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Iyayenmu mata da ba sa so su yi tambaya a gaban maza, ma'aikaciyar jinya tana nan za ta zauna da ku bayan cin abinci. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya.